Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu gidajen haya da masu unguwannin Zariya kan shukar da ake ɓoyewa a ɗaki

Assalamu alaikum.

Iyayena masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. 'Yan'uwana masu gidajen haya na Samaru, Hayin Dogo, Zango, Bomo, Palladan, har zuwa Kongo da Gyallesu da duk wani lungu da ɗalibi ke kama ɗaki a garin nan, ina gaishe ku, Musulminku da Kiristanku. Ni ma ɗaya ne daga cikinku. Sana'ata aikin wutar lantarki, da ita na tara abin da na gina 'yan ɗakunan da nake ba ɗalibai haya. Na zaɓi in yi maganar nan a fili ne don mu ba mu cika haɗuwa ba sai wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, kuma idan na ce zan bi ku gida gida, kowa zai ɗauka nasa gidan nake nufi.

Maganar tabar wiwi ce. Shanta tsohon labari ne, babu wanda zai ce bai taɓa jin warinta a bayan wani kango ba. Wanda nake so mu duba shi ne sabon salon: yaro ya shuka ta da hannunsa a cikin ɗakin da muka ba shi haya, a bokiti ko tukunyar fure, ƙarƙashin fitila, taga a toshe, ƙofa a kulle ko da rana tsaka.

Daga waya abin ya shigo. Duk wanda ya buɗe YouTube ko TikTok ya nemi wannan magana zai tarar da Turawa da Amurkawa suna nuna ɗan ɗakin shukarsu, fes, an jera komai, mutum yana magana a natse kamar malamin gona. Yana auna tsawon shukar, yana ɗaukar ta hoto, yana yi mata suna. Yaronmu yana kwance a katifarsa a Samaru yana kallo, sai abin ya zauna masa a matsayin abin sha'awa kawai, irin yadda mu muka tashi muna kiwon tantabaru a bayan ɗaki, muna kashe musu kuɗin tara, ba don riba ba. Mai bidiyon ba zai tsaya ya faɗa masa a wace ƙasa yake ba, balle ya karanto masa dokar da ta ba shi damar yin hakan.

To, ga abin da ba a faɗa a bidiyon. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba, 2018, amma tushe 4 kacal ta yarda a shuka a kowane gida, komai yawan mutanen gidan. Lardin Kubek ma ya ce shi bai yarda da ko tushe ɗaya a gida ba, aka kai shi ƙara, kotun ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya a 2023. Jamus ta buɗe ƙofa ranar 1 ga Afrilu, 2024, tushe 3 ga kowane baligi, da sharaɗin a killace ta inda yaro ba zai kai hannu ba. Yurugwai da ta riga kowa tun 2013 ta tsaya a tushe 6, kuma sai ka yi rajista da gwamnati. A Amurka jiha ce ke halattawa, dokar tarayya har yanzu ba ta saki ba, shi ya sa abin da kake yi hankali kwance a Kolorado zai iya kai ka gidan yari a wata jihar. Tailan ta saki a 2022, da ta ga yadda shaguna suka cika gari ta sake ɗaure abin a 2025, ta mayar da shi sai da takardar likita. Ko a inda aka yarda ɗin, ƙirga tushen ake yi, ana kuma bin sawun mai shi.

Mu nan babu tushe 4, babu tushe 1. Tun 1966 gwamnatin soja ta yi doka a kan wiwi, wadda a lokacin ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka ta da saninsa. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma dokarta ce ake gurfanar da mutane da ita a Babbar Kotun Tarayya. Sashe na 11 ya haɗa mai shukawa da mai shigowa da ita da mai sarrafa ta a layi ɗaya, hukuncinsu ɗaurin rai-da-rai. Mai riƙe ta ko shan ta, shekara 15 zuwa 25. Babu inda aka ware wanda ya shuka don sha'awa, babu inda aka ce idan bokiti biyu ne a yi masa afuwa. Gaskiya ne alƙalai kan sassauta, musamman ga wanda bai taɓa laifi ba kuma ya amsa laifinsa. Amma sassaucin alƙali ba ya goge sunan mutum daga takardar kotu, ba ya mayar da shi makarantar da ta kore shi, ba ya dawo masa da watannin da ya yi a tsare kafin a kai ga hukunci.

Sai sashe na 12, wanda shi ne namu, kuma na tabbata da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Ya ce duk mai zaune a wuri ko mai hannu a kula da shi, idan ya bari ko ya sa aka yi amfani da wurin don ajiye irin waɗannan kaya, ko ɓoye su, ko sarrafa su, ko cinikinsu, ɗaurinsa yana iya kaiwa shekara 25. Dokar ta kuma ba kotu damar ƙwace dukiyar da aka yi amfani da ita wajen aikata laifin. Wani zai ce, ai ni ban sani ba. Madalla. Amma wannan "ban sani ba" ɗin a ofishin hukuma za ka je ka faɗe ta, bayan an zo da mota ƙofar gidanka, unguwa ta fito kallo, ka ɗauki lauya, 'yan hayan kirki sun fara neman wani gidan. Mutum ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati, ya zuba kuɗin sallamarsa a bulo da kwano, ga inda zai ƙare.

Bari in faɗa muku abin da idona ya gani, don kada a ce zancen waya ne ni ma nake yi. Wani abokin zamanmu ya kira ni gidan hayarsa, wai fis ɗin layi ɗaya ya ishe shi da ƙonewa, ya canza ya gaji, kuma 'yan haya suna ta rigima kan kuɗin wuta don mita ɗaya suke tarayya, kati ba ya kai musu ko'ina. Na bi ɗakunan ina dubawa har na kai na ƙarshe. Mai ɗakin ya daɗe kafin ya buɗe. Yaro ne natsattse, ɗan aji uku, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ina shiga zafi da danshi suka buge ni, ga wani wari mai kauri da turaren wuta ya kasa dannewa. An rufe taga da bargo, an ƙara da kwali. Ya cire ƙofar kabad ɗin kayansa, ya lulluɓe cikinta da takardar alminiyom mai ƙyalli, ya rataya fitilu, ya sa ƙaramar fanka. Bokitan suna jere a ƙasa. Duk wannan kaya, har da abin cajin batirin inbata, a kan soket ɗaya mai doguwar waya ya ɗora su, irin na kasuwa mai arha, bakinsa ya narke ya yi launin ƙasa. Wayar da ya jawo daga silin siririya ce, wadda aka sa don kwan fitila ɗaya. Na kai hannu na ji ta da ɗumi. Kusa da soket ɗin, taku ɗaya, ga jarkar ruwan ban shuka. Kusurwar bango ta yi baƙi da funfuna, fenti yana ɓarewa.

Ya ce mini, "Baba, wallahi ba sayarwa nake ba." Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Ya nuna mini wani littafi da yake rubuta komai a ciki, rana da wata, da tsabtar rubutun da ban ga irinsa a wurin yaran shagona ba. Mai gidan ya kira mahaifinsa, aka zauna gaban mai unguwa, abin da ya biyo baya nasu ne. Ni dai na cire wayar na sa sabuwa.

A matsayina na mai wannan sana'a, wayar nan ce ta fi hana ni barci. Shukar cikin ɗaki ba ta ganin rana, don haka fitila ce ranarta, kuma fitilar tana kunne mafi yawan sa'o'in yini, wata da watanni. Gidajen hayarmu kuwa, mu faɗi gaskiya, yawancinsu an yi musu waya ne don kwan fitila da fanka da cajin waya, kuma da yawa an yi aikin da ƙarancin kuɗi. Siririyar waya idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba ta yin ƙara, ɗumi take yi a hankali, robarta ta bushe, ta tsage. Inda aka haɗa waya da waya a cikin silin aka naɗe da salatif, nan wutar ke fara ci. Ɗakunanmu rufi ɗaya suke, silin ɗin a haɗe yake daga farko har ƙarshe, katako ya bushe ƙamas da hunturu. Kafin na ɗakin farko ya farka, ta wuce kansa. Kuma da yake wutar gari ba ta zama, mai wannan harka dole ya nemi janareto ko batir. Janareto a lungun da iska ba ta ratsawa, mun sha jin iyalan da hayaƙinsa ya kashe suna barci.

Cin wutar ma ba wasa ba ne. Wani mai bincike a Amurka ya ƙiyasta a 2012 cewa noman wiwi na cikin ɗaki kaɗai yana cinye kusan kashi 1 cikin 100 na duk lantarkin ƙasar. Mu nan, tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta sa'o'i mafi yawa, ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowa ya koyi kashe fitila idan zai fita. Yaron da ke da irin wannan kaya ko dai maƙwabtansa ne ke biya masa ba su sani ba, ko kuma ya zagaye mita. Idan aka kama satar wuta, sunan wa ke kan mitar? Naka.

Yaran suna da hujjojinsu, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Suna cewa ganye ne Allah ya halitta. Suna cewa wanda ake sayarwa a lungu ba ka san me aka zuba masa ba, gara ka shuka naka. Wannan ta biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, don abin da ake kira kolos a titi sinadarai ne ake fesa wa ganye, kuma mun ga yadda yake jefar da samari a kwalbati. Suna kuma cewa manya ma suna maganar halattawa, shi ma haka ne: marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kira a bari a noma ta don magani da fitarwa waje, an kuma kai ƙudirori Majalisar Wakilai. Amma ƙudiri ba doka ba ne, kuma abin da su suke nema gona ce mai lasisi da sa idon hukuma. Babu wanda ya je majalisa neman a bar ɗalibi ya mayar da kabad ɗinsa gona.

Batun cewa na gida ya fi lafiya kuwa, nan ne aka fi yaudararsu. Irin da ake tallatawa a bidiyon nan an daɗe ana tace shi don ya ƙara ƙarfi, ba irin wanda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo ba ne tun zamanin iyayenmu. A Amurka, gwajin da aka yi wa wiwin da hukuma ta kama ya nuna sinadarin THC, mai sa maye, yana wajen kashi 4 cikin 100 a 1995, ya kai wajen kashi 12 a 2014. Wani babban bincike da aka fitar a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, ya gano masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 3 wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfin kullum kuwa kusan sau 5. Ku haɗa wannan da yaron da kayan ke gefen katifarsa, ba sai ya fita nema ba, ba sai ya ƙirga kuɗi ba, babu kunyar kada a gan shi a lungu. Me zai hana shi sha kullum? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha, kuma yawanci ana farawa ne a wajen shekara 19. Shekarun 'yan hayarmu ke nan daidai. Hukuncin addini ban tsaya a kansa ba, don babu wanda bai san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne ba, kuma ban san cocin da ke sa wa wannan albarka ba.

Yanzu in juyo kanmu. Yaya aka yi mutum zai yi wata huɗu yana noma a ɗaki, mai gida bai sani ba? Saboda mun mayar da haya kamar kuɗin fansho. Dillali ya kawo yaro, ya karɓi lada, kuɗin shekara ya faɗo a asusu, shi ke nan sai baɗi. Wasunmu suna Kaduna ko Abuja, ba su san fuskar ko mutum ɗaya a gidansu ba. Wanda ya sa hannu a takarda daban, masu kwana a ɗakin daban. A da, baƙo ba ya kwana a unguwa sai an kai shi gaban mai unguwa, a san daga ina ya fito, ɗan wane ne. Yau sai rigima ta tashi ake tuna akwai mai unguwa. Iyaye sun turo mana 'ya'yansu daga Legas, daga Maiduguri, daga Makurɗi, suna ganin akwai babba a gidan. Babban kuwa lambar asusu ce.

Ba cewa nake mu koma 'yan leƙen asiri ba, kuma ina roƙonku kada wasiƙar nan ta zama dalilin fasa ƙofar kowa. Ɗan haya yana da haƙƙinsa, ɗakin da ya biya sirrinsa ne. Kuma a yi hattara da zargi: ganyen rama yana kama da na wiwi ƙwarai, mai kallo daga nesa zai iya rantsuwa, haka ma ƙaramin rogo. Akwai ɗaliban aikin gona da na kimiyyar tsirrai da ke da tukwane a ƙofar ɗaki saboda aikin makaranta, akwai yarinyar da ta shuka na'ana'a don shayi. Kada a tara wa ɗan mutane jama'a a kan abin miya. Mun san yadda ihu ɗaya ke zama a garin nan, kuma idan taro ya taru babu mai iya mayar da shi.

Abin da nake nema mai sauƙi ne. A rubuta a takardar haya, da Hausa da Turanci, cewa mai gida ko wakilinsa zai shiga duba waya da bango lokaci lokaci, bayan ya ba da sanarwa, kuma babu mai ƙara waya ko taɓa mita sai da izini. Wanda ya san za a shigo duba soket duk bayan wata biyu ba zai fara ba tun farko, kuma ko babu maganar wiwi gidajenmu suna bukatar wannan dubawar. A karɓi lambar uba ko uwa ko marikin kowane ɗan haya, a kira sau ɗaya a gaisa, don yaro ya san akwai igiya tsakanin gidan nan da gidansu. Mai hali ya raba wa ɗakuna mita. Kuma mu riƙa zuwa da ƙafarmu.

Idan kuwa an tarar, a tuna yaro ne, ba gawurtaccen dila ba. A ra'ayina ɗaurin rai-da-rai a kan bokiti biyu ya yi tsauri, kuma da za a tambaye ni zan ce a gyara dokar ta bambanta mai gona a daji da yaron da waya ta ruɗa. Amma ba ni ke yin doka ba, kuma tsaurin nata ne ya sa nake so mu riga ta isa wurin yaran nan. A kira iyaye, a sanar da mai unguwa, kada mai gida ya rufe shi kaɗai don gudun abin kunya, don rufewar ce ke mayar da shi mai laifi. Hukumar NDLEA ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye. Idan yaro ya riga ya yi nisa, ga sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Don Allah kada a kai shi gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a Satumbar 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyayensu ne suka kai da yawansu da hannunsu suna neman gyara.

Akwai wani abu kuma da ke ci mini rai duk lokacin da na tuna littafin yaron nan. A Samaru muke, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, inda cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa da manoman Arewa ke shukawa, masu sunan SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Ga NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma, ga kwalejin aikin gona, duk tafiyar ƙafa daga ɗakin nan. Yaron da zai iya rainon shuka a cikin kabad, da wutar da ake ɗaukewa sau uku a yini, yana rubuta komai a littafi, hannun noma gare shi. Gidajenmu da yawa suna da fili a baya da ba a komai da shi sai tara shara da shanya. Ni na ba nawa 'yan hayan bayan ɗakuna, suna shuka tumatir da attaruhu da latas a buhunan siminti, suna faɗa kan wanda ya manta ban ruwa. Ba zan ce wannan zai hana wanda ya yi niyya ba. Amma yana sa in shiga gidan da dalili, mu tsaya mu yi hira, in san wanda ya rame da wanda ya daina fitowa.

Iyayena masu unguwanni, ku ke da ikon tara mu. Ina roƙon kowannenku ya kira masu gidajen hayar unguwarsa da dillalai kafin ɗalibai su dawo sabon zango, lokacin da ake sabunta haya. A gayyato jami'in NDLEA ya karanta mana sashe na 11 da na 12 da Hausa, mu yi masa tambayoyi, musamman abin da mai gida zai yi idan ya tarar ba tare da ya jefa kansa ko yaron a rami ba. A gayyato wani daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, da shugabannin ɗaliban kansu, don su ji da kunnensu. Idan aka sa rana, ni zan zo da soket ɗin nan da ya narke, yana nan a shagona, kuma duk wanda ke so a duba masa wayar gidansa a makon taron zan duba ba tare da kuɗin aiki ba, shi dai ya sayi abin da za a canza.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.

Naku,
Mai aikin lantarki kuma mai gidan haya,
Samaru, Zariya.